Ɗaga Hilux da sa mata manyan tayoyi: yadda ta kaya da motar wani ɗan kasuwa a Tahoua

Motar Toyota Hilux ce mai gida ɗaya, kat-kat, wato mai jan ƙafa huɗu, daga cikin samfurin da ake kira Vigo, wanda kamfanin ya ƙera daga 2004 zuwa 2015. Injinta 5L-E ne, na gazuwal, lita 3, marar turbo, ƙarfinsa bai kai doki 100 ba. Inji ne mai jure ƙura da man da ba a tace da kyau ba, shi ya sa yake da farin jini a ƙasashen nan, amma ba shi da rarar ƙarfin da za a yi facaka da ita. Mai motar ɗan kasuwa ne a Tahoua, Alhaji kawai za mu ce masa. Direban kuma ɗan ƙanwarsa ne, wanda ya fara da karen mota kafin a danƙa masa makulli.

Aikinta shi ne ta ɗauki gero, shinkafa, sukari, ganyen shayi da dusar dabbobi, ta hau kwaltar Agadez, ta wuce Tabalak har Abalak, tafiyar kusan kilomita 135. Wani mako ta sauka daga kwalta ta nausa kasuwannin dajin Azawak, wajen Tchintabaraden, ta dawo da tumaki da awaki da masu su. Wani makon kuma gabas take yi, Keita da Bouza, cikin duwatsun Adar. Ƙasa iri biyu ke nan: rairayi mai laushi a arewa, dutse mai kaifi da ƙoramu a gabas. An ƙera ta don kayan da ba su wuce kusan tan ɗaya ba. Ranar kasuwa kuwa ba mai awo.

Ƙorafin direba ɗaya ne, mota tana zama. A hanyoyin dajin da Land Cruiser da manyan motoci suka riga suka tona, sawun taya biyu kan yi zurfi, tsakiya ta yi tudu. Hilux ɗin na shiga, cikinta sai ya hau tudun, ƙafafu su yi ta juyawa a banza, a fito da shebur. Idan kuma za ta tsallaka ƙorama da kaya, gindinta kan daki gaɓa. Alhaji ya saurara, ya dubi motocin 'yan ƙwalisa da ake gani a Yamai, dogaye masu ƙartan tayoyi, ya yanke shawara: a ɗaga ta, a sa mata manya.

Aikin bai ɗauki lokaci ba. A gaba, makaniken ya cusa zoben ƙarfe mai kauri a saman sifirin da amortisa, wato ƙarfen da ke shanye girgiza. Ƙafar gaban Vigo kowace da hannunta take motsi, kuma sifirin ɗin yana zaune ne a tsakiyar hannun, don haka kaurin zoben kan fito kusan ninki biyu a wajen taya. Gaba ya tashi da kimanin santimita 7 da rabi. A baya aka yi waldar ƙarafa aka sa su tsakanin lam, wato ganyayen sifirin na baya, da aksul, aka ƙara tsawon maratayar lam, har baya ya zo daidai da gaba. Amortisa na asali aka bari. Lam ɗin ma na asali, waɗanda nauyi ya riga ya miƙar da su. Sai tayoyi huɗu na hannu masu manyan haƙora, lamba 285/75R16, a kan faffaɗan janti, wato ƙarafan da taya ke zama a kai, da suka fito waje. Da aka karya sitiyari taya ta ci jikin mota, sai aka kawo injin yanka aka rage bamba da kunnen shasin da ke bayan ƙafar gaba. Mota ta fito tana ɗaukar ido, wannan ba musu.

Lambobin jikin taya su ne asalin labarin, don haka sai mun ɗan zauna a kansu. Tayar da motar ta zo da ita 205R16C ce. Faɗinta milimita 205, tsayin gefenta kashi 80 cikin ɗari na faɗin, wato milimita 164, janti kuma inci 16, wato milimita 406. A haɗa gefe biyu da janti, tsayin taya daga ƙasa zuwa sama ya kama milimita 734. Sabuwar kuwa faɗinta 285, gefenta kashi 75 cikin ɗari, wato kusan 214, tsayinta duka 834. Bambancin milimita 100 ne, santimita 10 cif. Amma aksul a tsakiyar taya yake, rabin wannan kawai yake samu.

Abin da ke hawa tudun rairayi shi ne tukunyar aksul na baya, pon, domin ita ce mafi kusa da ƙasa. Pon kuwa a kan tayoyi take zaune, ba a kan lam ba. Ko an ɗaga jikin mota kamu guda, pon tana nan inda take. Saboda haka a duk aikin da aka yi, jikin mota ya tashi da santimita 12 zuwa 13, wurin da ke zama a rairayi kuma ya tashi da 5 kacal, su ma daga taya suka zo. Amfanin ɗagawa, idan an yi ta don aiki, shi ne ta buɗe wa babbar taya wurin motsi, ta kuma nisanta hanci da gindin mota daga gaɓar ƙorama. Ba ta da wani iko a kan pon.

Makonnin farko direba ya ji daɗi, kuma da gaskiyarsa, santimita 5 ba abin rainawa ba ne a cikin sawun Land Cruiser. Zama ya ragu. Sai dai ya lura cewa hawan da a da yake ci da giya huɗu yanzu sai da uku, tashi da kaya kuma sai ya daɗe da ƙafa a kan kuloci. Dalilin lissafi ne. Kewayen sabuwar taya ya fi na tsohuwar da kashi 13.6 cikin ɗari. Inji na juya aksul da ƙarfin da ya saba, amma ƙarfin yana isa ƙasa ta hannu mafi tsawo, sai turin da ke kai wa ƙasa ya ragu da kusan kashi 12. A ɗora da nauyin tayar kanta, wadda ta ɗara tsohuwar da kimanin kilo goma kowace ɗaya. Mota mai turbo da rarar doki za ta haɗiye wannan ba a ji ba. 5L-E mai ɗauke da buhunan gero ba za ta iya ba, kuloci ne ke biyan bashin, kuma a cikin rairayi warinsa ya fara shigowa gidan direba.

Rigimar da ta fi zafi ba ta ƙarfe ba ce. Alhaji mutum ne mai littafi: kowace tafiya yana rubuta abin da agogon kilomita ya nuna da litar man da aka sha. Bayan aikin sai ya ga zuwa Abalak da dawowa, da ya saba gani wajen 270, ya koma wajen 238, man kuma ya ƙaru. Hanya ta gajarta, mai ya yi yawa. Me mutum zai zata?

Ya kira yaron ya ce, "Kai, gaya mini gaskiya. Ko dai ba ka kai inda nake aikenka, ko kuma kana da mai sayen gazuwal a hanya."

Direba ya ce, "Wallahi Kawu, inda nake zuwa nan nake zuwa. Ka tambayi masu karɓar kaya."

Magana ta kai kunnen uwar yaron, abin ya zama na gida, har aka yi kwanaki ba a gaisawa da sakin fuska. Alhali agogo ba hanya yake aunawa ba, juyin ƙafa yake ƙirgawa, kuma an saita shi ne da taya mai tsayin 734. Babbar taya na cin ƙasa mai yawa a kowane juyi, don haka idan agogo ya ce 100, mota ta yi 113 da ɗoriya. A ce tana shan lita 30 a wannan tafiya. Da tsohuwar taya, lita 11 ke nan da 'yan kai a kowace kilomita 100. Da sabuwar, ko da ɗigo ɗaya bai ƙaru ba, littafin Alhaji zai nuna fiye da 12 da rabi. Ga shi kuma shan man ya ƙaru da gaske, saboda nauyin taya, da haƙoranta, da iskar da doguwar mota ke karo da ita, da zama a ƙaramar giya. Ƙarin gaskiya da ƙarin ƙarya suka haɗu a shafi ɗaya, aka ɗora wa yaro.

Wannan kuskuren agogo yana da wasu 'ya'ya. Idan allura na kan 80, mota na gudun 91. Idan an ce a juye baƙin mai bayan kilomita 5,000, to sai an yi kusan 5,700 kafin agogo ya yarda, a ƙasar da ƙura ke cika matatar iska cikin 'yan kwanaki.

Abin da ya sa aka koma garaji shi ne birki. Wata rana da cikakken lodi, kusa da tafkin Tabalak inda dabbobi ke tsallaka kwalta zuwa ruwa, shanu suka shigo hanya. Direba ya taka, ƙafafun gaba suka kama suna ƙara, mota ta ci gaba da tafiya kamar baya ba ruwansa. Ya kauce, ta karkata har na saman kaya suka yi salati, Allah ya kiyaye ta dawo kan ƙafafunta. Abu uku ne suka taru a nan. Na farko, yadda babbar taya ke rage turin inji haka take rage kamun birki, hannu ɗaya ne. Na biyu, gudun ya fi wanda allura ke nunawa. Na uku shi ne wanda makanikai da yawa ke mantawa. Hilux marar ABS, na'urar da ke hana ƙafa kullewa idan an taka birki, tana da wani bawul a jikin shasi ta baya, da siririyar sanda da ta haɗa shi da aksul. Aikinsa ya gane ko mota na da kaya. Idan lodi ya danne ta, shasi ya matso kusa da aksul, sanda ta tura bawul, a ƙara wa birkin baya ƙarfi. Idan ba kaya, a rage, don kada baya ya kulle ya juyar da mota. To an nisanta shasi da aksul da fiye da santimita 7 ba a taɓa sandar ba. Ko da gero ya cika baya, bawul ɗin yana ganin mota wayam take, sai ya hana birkin baya rabonsa. Gyaran ɗan ƙarfe ne da ake ɗaga mazaunin sandar da shi daidai da yadda aka ɗaga mota, aikin da bai kai awa ɗaya ba.

Karkatar da ta yi ita ma ba tsautsayi kaɗai ba ne. Dutsen niƙa ba ya faɗuwa, turmi kuwa ɗan turi kaɗan yake jira. Abin da ke riƙe mota a kwana shi ne rabin tazarar ƙafafunta idan aka raba shi da tsayin cibiyar nauyinta. Tazarar ƙafafun Hilux kusan mita ɗaya da rabi ce, rabinta santimita 75. A ɗauka cibiyar nauyi da lodi tana santimita 80 daga ƙasa, sakamako 0.94. A ɗaga ta zuwa 92, ya sauko 0.82. Faffaɗan janti sun mayar da kaɗan daga abin da aka rasa, amma mutanen da ke zaune a saman buhuna sun kwashe shi. Motar ƙwalisa ta Yamai da Alhaji ya gani bayanta wayam yake yawo.

Makanike na biyu dattijo ne da ya daɗe yana gyaran motocin daji. Kafin ya taɓa sifana sai da ya shiga ƙarƙashi da tocila yana neman inda ƙarfe ya goge ya yi sheƙi. Ya samu a wuri biyu: ƙasan pon, da kuma can ƙarshen gindi, wajen maratayar tayar ajiya. Ya fito ya ce, "Alhaji, ciwo biyu motarka take da shi, aka ba ta maganin na uku. Pon taya take so. Gindin nan kuwa lam ne suka mutu, ka ga sun miƙe kamar ba a taɓa lanƙwasa su ba. Wanda ya sa ƙarfe ƙarƙashin mataccen lam bai tashe shi ba."

Sauran abin da ya tarar duk 'ya'yan ɗagawar ne. Kardan na gaba, sandunan da ke kai juyi ga ƙafafu, da ya kamata su kwanta kusan a miƙe, sun tsaya a karkace, robar da ke rufe ɗaya ta tsage, giris ya fita, rairayi ya shiga, shi ne ƙas-ƙas ɗin da direba ke ji idan ya karya kwana da kat-kat. Rotil na sama, gaɓoɓin da ke haɗa hannu da ƙafa, sun kai ƙarshen motsinsu, sun yi sako-sako. Amortisa na baya sun yi gajarta, duk ramin da aka faɗa sai sun miƙe har ƙarshe sun buga, ɗaya ya riga ya zubar da mai. Tiyon birkin baya a ɗame yake. Ƙarafan da aka sa tsakanin lam da aksul sun ba aksul damar murɗawa idan taya na haƙa a rairayi, ƙusoshin ɗaurin sun saki. Rulma na gaba, wato boris, sun fara kuka saboda jantin da suka fito waje sun mayar da nauyi gefe. Ba a kuma daidaita ƙafafun gaba bayan aikin ba, tayoyin sun cinye ta gefe ɗaya.

Tayoyin kansu kallon kitse aka yi wa rogo. Haƙora na nan, amma a gefen kowace taya akwai lambar DOT, wadda alƙaluma huɗu na ƙarshenta ke faɗin mako da shekarar da aka yi ta: 2318, alal misali, mako na 23 ne na 2018. Biyu daga cikin huɗun sun haura shekara takwas, gefensu ya yi tsattsage ƙanana. Kamfanonin taya da dama na cewa a riƙa duba taya sosai bayan shekara 5, a sauke ta idan ta kai 10 ko da haƙoranta ba su cinye ba, kuma wannan ba da zafin Afrilu da Mayu na Tahoua aka faɗe shi ba, lokacin da ake haura digiri 40 a inuwa. Ana fahimtar abin da ke tura mutane wajen na hannu. Bayan da aka rufe iyaka da Benin a Yulin 2023, kayan da ke shigowa daga Kwatano ta Gaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, ko su biyo ta Ƙonni daga Najeriya, sabuwar taya ta yi tsada. Amma akwai abin da tsada ba ta wanke shi: tayar ajiya an bar ta 205 ɗinta. Da an yi faci a daji an ɗaura ta, ƙafa ɗaya za ta gaza 'yar'uwarta da santimita 10, pon ta yi ta aiki ba hutu, kat-kat kuma ya ɗaure.

Gyaran da dattijon ya yi ragi ne. Ya cire ƙarafan baya da dogayen maratayai, ya sa sababbin lam masu ɗaukar nauyi da ƙarin ganye ɗaya, da sababbin ƙusoshin ɗauri, ya ce a dawo bayan tafiya ɗaya a sake matse su. A gaba ya fitar da zoben, ya sa sifirin da amortisa da aka yi su tare, masu ɗagawar da ba ta wuce santimita 4 zuwa 5 ba, iyakar da kardan da rotil na wannan mota ke ɗauka ba tare da an sauya hannuwan sama ba. Ya ɗaga mazaunin sandar bawul, ya sauya abin da ya lalace, aka kai ta aka daidaita ƙafafu. Taya kuwa ya zaɓi 235/85R16, guda biyar, a kan siraran jantin ƙarfe na asali da Allah ya sa Alhaji bai sayar ba. Tsayinta milimita 806, daidai da 7.50R16 da Land Cruiser akori-kura ke tafiya da ita, wadda ita ce ke tona sawun tun farko. Lambar nauyinta 120, wato kilo 1,400 kowace taya, inda ta asali mai 110 ke ɗaukar 1,060. Ƙarƙashin pon an samu santimita 3.6 a kan na asali, an sarayar da 1.4 daga abin da ƙatuwar ta bayar.

Alhaji ya yi gardama a kan faɗi, don a ganinsa faffaɗar taya ce ke yawo a kan rairayi. A nan ina bayan dattijon. Abin da ke ɗaukar mota a rairayi shi ne girman tafin da taya ta shimfiɗa, kuma idan an rage iska tafin tsawo yake ƙarawa fiye da faɗi. Doguwar taya mai dogon gefe, a sauke iskarta zuwa kilo ɗaya da rabi a ma'aunin iska ko sama kaɗan idan akwai lodi, za ta shimfiɗa dogon tafi ba tare da ta tara tudun rairayi mai faɗi a gabanta ba. Manyan haƙora kuma na taɓo ne, a rairayi kabari suke haƙa wa mota. Abin da ke hana direbobi rage iska shi ne ba su da abin mayar da ita, kuma hawa kwalta mai zafi ko duwatsun Keita da taya a saɓule hanyar fashewa ce. Don haka cikin kuɗin gyaran aka sa famfon iska mai aiki da batir da ma'aunin iska, aka ajiye bayan kujera. A ganina su biyun nan sun rage zama fiye da duk wani ƙarfe da aka ɗaura.

Ba a koma daidai ba, kuma ba za a koma ba. Sabuwar tayar ma ta fi ta asali da kusan kashi 10 cikin ɗari, don haka har yanzu inji na jin ta a hawa, sai dai da sauƙi. Maganin wannan na gaskiya shi ne a sauya haƙoran pon, gaba da baya tare, zuwa masu ragin da ya fi da kashi 10, aikin da Alhaji ya ji kuɗinsa ya ce a dakata. Kunnen shasin da aka yanke an yi masa walda an toshe, amma mai saye zai gani. Dattijon ya kuma faɗa masa ba ɓoye-ɓoye cewa idan kasuwar arewa ce za ta zama aikin kullum da irin wannan lodi, to Land Cruiser 79 mai injin 1HZ da aksul ɗaya a gaba ita ce motar wurin, Hilux kuwa a bar mata kwalta da Adar.

Maganar gazuwal an warware ta ne da wayar hannu. Aka kunna taswira mai auna tafiya, ɗan Alhaji ya bi motar zuwa Abalak, aka gwada abin da waya ta ce da abin da agogo ya ce. Yanzu a littafin akwai sabon layi: duk abin da agogo ya nuna a ƙara masa kashi ɗaya cikin goma kafin a raba da lita, baƙin mai kuma a juye shi idan agogo ya kai 4,500. Ƙartan tayoyin da jantinsu wani saurayi ya saye su, mai Hilux gida biyu da ba ta fita cikin gari.